Yadda za ka kai baƙonka Jidda ya ga teku, ku kwana Makka

Duk Bahaushen da ke zaune a Makka ya san wannan roƙo: ɗan'uwa ya gama Umra, sai ya ce, "Alhaji, don Allah a kai ni in ga Bahar Maliya." Yawancinmu mukan tsayar da shi bakin ruwa minti goma, a ɗauki hoto, a juyo. An yi wa Jidda rowa ke nan.

Fara da zaɓen lokaci. Zafin Jidda mai gumi ne, kafin ka yi taku ɗari riga ta manne a jiki. Daga Nuwamba zuwa Maris ya fi sauƙi. Ku bar Makka bayan azahar a jirgin ƙasa na Haramain, daga tashar Rusaifa zuwa ta Sulaimaniyya, tafiyar kamar rabin awa. Yanki tikiti ta waya tun da wuri, shi ya riƙe fasfonsa, kai iƙamarka, wato katinka na zama a ƙasar.

Kada ku nufi teku kai tsaye. Ku shiga tasi zuwa Balad, tsohon gari, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Nan ne ya cancanci ku ɓata lokaci. Da dutsen murjani na teku aka gina gidajen, kuma tagoginsu na katako ne da aka sassaƙa, waɗanda ake kira rawashin: iska na shiga, matan gida na ganin titi, na titi bai ganin su. Wanda ya taso a cikin birnin Kano ko Zariya ba sai an yi masa bayanin hikimar ba. Ku nemi Baitu Nasif, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, ku ratsa kasuwar Alawi, ku yi la'asar a masallacin Shafi'i. Turare da dabino a kasuwar nan, a yi ciniki, kada baƙo ya biya kuɗin farko.

Rana ta yi sanyi, sai Kornish, wurin shaƙatawa na bakin teku, ɓangaren Hamra. Can aka jera manyan sassaƙe-sassaƙe na tagulla da ƙarfe da dutse a fili, kallo kyauta. Magajin garin Jidda na shekarun 1970 da 1980, Muhammad Sa'id Farsi, shi ya tara su, har da ayyukan Henry Moore na Ingila da Joan Miró na Sifaniya. Baƙonka zai tambaye ka ma'anarsu. Ni dai nakan ce ya zagaya kowanne sau ɗaya, siffar tana sauyawa da inda ka tsaya.

Daga nan kuna hango maɓulɓular Sarki Fahad tana feso ruwan teku sama da mita 300. Ku jira bayan magariba a kunna mata fitilu.

In iyo yake so, wannan sai Ubhur, arewacin gari, kuma wata rana daban, don wurare da yawa a can sai an biya kuɗin shiga. A Kornish ba a shiga ruwa sai inda aka keɓe.

Ku rufe da sayadiyya, shinkafa da kifi, in aljihu ya yarda a sa muku najil, wani kifi mai tsada na Bahar Maliya. Kafin ku wanke hannu ku zauna, duba lokacin jirginku na komawa.