Yadda za ka tai Ruwanda yawon duwatsu ba tare da aljihu ya huje ba

Tun da na dawo mutane ke tare ni nan Gusau, wai Malam nawa ka kashe, kai da ko mota ba ka da ita. To ga yadda anka yi, mai niyya shi ɗauka.

Ruwanda ƴar ƙarama ce, murabba'in kilomita 26,338, Zamfara tamu ta fi ta faɗi, amma ko'ina tudu ne da gangare shi ya sa suke ce mata ƙasar tuddai dubu. Mai fasfo ɗin Najeriya ba ya neman biza daga gida, filin jirgin Kigali za a buga maka ta kwana 30 kyauta tunda muna cikin Tarayyar Afirka. Abin da ba a ɗaga ƙafa kanshi shi ne katin allurar shawara, ka yi shi da wuri. Kuɗin jirgi su ne babban kashi, RwandAir na tashi daga Legas, ka sayi tikiti tun da sauran lokaci. Naira can takarda ce kawai, ka riƙe dala sababbi ka canza zuwa faran, kuɗin ƙasar, cikin gari. Kuma kar ka ƙulle komai cikin leda, tun 2008 sunka hana ta, ni ƙuli-ƙulina sai cikin jakar takarda na juye shi.

Masauki ka nufi Nyamirambo cikin Kigali, babban birninsu, musamman wajen Biryogo, unguwar Musulmi ce, ga masallatai ga ɗakunan kwana masu sauƙi ga abincin da za ka ci hankali kwance. Nan ina ja maka kunne, in ka ga an rubuta akabenz ka wuce, naman alade ne. Ka nemi tsiren akuya da capati, ko wurin da ake zuba maka shinkafa da wake da dankali da ayaba faranti guda ka cika da hannunka. Suna da shagunan madara zalla, ka ce a ba ka ikivuguto, kindirmo ne sak, fura kawai ta rage. Cikin gari ɗan acaɓa zai miƙo maka hular kwano, sa ta dole ne, ba a gardama.

Daga tashar Nyabugogo ake shiga motar Musanze, wajen awa biyu da ɗan wani abu. Tikiti ake yanka kuma mota na tashi da lokacinta, ba irin tamu ba da sai an cika an ƙara mutum biyu gaba. Musanze ita ce ƙofar gandun Volcanoes inda Turawa ke biyan dala 1,500 don su kalli goggon biri na awa ɗaya, wannan ka bar ma masu shi. Naka shi ne dutsen Bisoke, tsawonshi mita 3,711, akwai tafki can bisa ƙoli cikin bakin dutsen, kuɗin izininshi bai kama ƙafar na birai ba. Ka biya tun kafin ranar, ƙarfe bakwai na safe ka kasance ofishin gandun a Kinigi, can za a haɗa ku da ɗan jagora. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne motar da za ta kai ka gindin dutsen, hanyar duk duwatsu ce, don haka tun daren ka nemi abokan tahiya a masauki ku yi karo-karo.

Ni na tai da girman kai, wai na taɓa hawan Kwatarkwashi, ashe ba a nan take ba. Taɓo ne baƙi har ƙwauri, ka taka ɗaya ka zame biyu, ga iska ta yi ƙaranci numfashi na fita kamar na tsohon injin niƙa, ga sanyin da hunturun Janairu ba komai ba ne kusa da shi. Kambas ɗina tun rabin hanya ya zama tuwo. Ka hayi takalmin roba mai dogon wuya, ka riƙe sanda, rigar ruwa, suwaita, safar hannu saboda wani ganye mai ƙaiƙayi, ruwa lita biyu da dabino. Masu ɗaukar kaya na nan gindin dutsen, ɗan abin da za ka ba su bai kai wahalar da za su ɗauke maka ba, nawa har hannu ya riƙa ja na. Hawa da sauka wajen awa shida ne, a hankali. Karisimbi mai mita 4,507 kwana ake yi bisa, kar ka fara da shi.

In ƙafa ta dawo daidai ka gangara Rubavu bakin tafkin Kivu, nan hanyar ƙafa ta Congo Nile Trail ta faro, kilomita 227 har Rusizi, kwana goma ga mai son gamawa. Kwana biyu ya ishe ka, ta cikin ƙauyuka da gonakin ayaba da kofi, yara na bin ka kana ce musu muraho, wato sannu, da dare ka ci sambaza, ƙananan kifi soyayyu. Birnin Goma na tsallake cikin Kwango, kar ka ƙetara, ba lahiya can.

Lokaci mai kyau Yuni zuwa Satumba, Maris zuwa Mayu ruwa ne ba ƙaƙƙautawa. Asabar ɗin ƙarshen wata da safe umuganda ake yi, aikin gayya na ƙasa baki ɗaya, shaguna rufe motoci tsaye, kar ka sa tahiya ranar. Kar ka tambayi kowa Hutu ne ko Tutsi, bayan kisan ƙare dangi da anka yi ma ƴan ƙabilar Tutsi a 1994 maganar ba ta raha ba ce. Agogonsu na gaban namu da awa ɗaya, ka gyara wayarka tun a filin jirgi don kar Asuba ta kuɓuce maka.