Tsohon Honda C90 ya ƙi tashi bayan an haɗa inji

Kada ka yi ta buga kik har gumi ya karyo maka. Bi abin daki-daki.

1. Fara da mai. Buɗe makunnin mai, ka sassauta sukurun ƙasan kafireta ka ga ko fetur na zuba. Idan man ya yi watanni a ajiye, zubar da shi.

2. Kwance fulogi, ka mayar masa da hularsa, ka jingina shi da jikin inji, ka buga kik. Shuɗiyar wuta ake nema. In babu, duba wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen babur, ita aka fi mantawa wajen haɗawa. Tazarar kontak kuwa, wato ƙarafan nan biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don fulogi ya ba da wuta, milimita 0.3 zuwa 0.4 ce.

3. Toshe ramin fulogi da babban yatsa, ka sake bugawa. Ya kamata iska ta ture yatsan. In ba ta ture ba, galibi an matse bawul ne. Saita tazararsu a milimita 0.05, inji da sanyi.

4. Tayimin, wato daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, nan ne ko gwani ke tuntuɓe. Juya magineto, faifan da ke juyawa a gefen inji, har alamar T ta zo kan tsagar jikin inji. A daidai nan, alamar O ta faifan haƙoran da sarƙa ke ja a sama ta dubi tsagar kan inji. Haƙori ɗaya ya goce, sai tari da atishawa. Kada ka bari yara su tura maka kafin ka daidaita, bawul na iya lanƙwashewa.