Yadda ake sauya wa tsohon lens gindi ya hau wata kyamarar

Kafin ka taɓa sukudireba ka fara sanin abu ɗaya, kowace kyamara tana da tazarar da aka ƙayyade tsakanin bakin da gindin lens (ƙarfen bayansa da ke maƙale wa kyamara) yake zama da sensa, wato ɓangaren cikin kyamara da hoto ke sauka a kai. Kowane irin gindi da tasa tazarar: Canon EF milimita 44 ne, Nikon F 46.5, M42 45.46, Minolta MD 43.5, tsohon Canon FD 42, Sony E kuma 18 kacal. Duk aikin nan a kan wannan lissafin yake, in ka kuskure ko da rabin milimita ne lens ɗin zai ɗauki na kusa amma abin da ke nesa ba zai fito tas ba.

Toh in kyamararka mara madubi ce irin Sony E ko Fuji X, don Allah kar ka yanka komai, tazararta gajeriya ce, adafta (zoben da ke haɗa lens da kyamara) kawai zaka saya ka ɗaura ya cike ragowar. Haka M42 irin Helios 44-2 a kan Canon EF. Ni dai ina jin zafin ganin an lalata lens mai shekara 50 a banza. Aikin hannu sai inda tazarar lens ɗin ta gaza ta kyamarar, misali Minolta MD zuwa EF, don adafta mai gilashi a ciki yana rage kyan hoto.

Kayan aiki: sukudireba ta JIS saboda kusoshin lens ɗin Japan ba Phillips ba ne, ta Phillips cinye musu kai take yi, sai ma'aunin kauri na dijital, samfefa, injin huda ƙarami da siririn adafta na M42 zuwa EF wanda shi zai zama sabon gindin.

Da farko ka kwance kusoshin baya ka cire tsohon gindin a cikin faranti, kana ɗaukar hoto da waya a kowane mataki. Ka yi hattara da zoben buɗe haske, wanda ake murɗawa a ƙara ko a rage ƙofar da haske ke shiga, akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe da sifirin a ƙarƙashinsa, shi ke sa kas-kas ɗin nan, in ya yi tsalle ya faɗi ƙasa sai dai haƙuri.

Sai ka auna. A Minolta zuwa EF dole fuskar sabon gindin ta matsa ciki da milimita 0.5 fiye da inda tsohon yake, a FD kuwa milimita 2 ne shi yasa ya fi wuya, kar ka fara koyo da shi. Ka ɗora tsohon gindin a kan adaftan ka yi alamar ramuka ka huda, sannan ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi mai lebur kana goga adaftan kaɗan kaɗan kana juya shi kana aunawa ta gefe huɗu, don in gefe ɗaya ya fi ciwuwa rabin hoton zai yi dishi-dishi. Ka yi gugar nesa da lens ɗin, garin ƙarfe ba ya shiri da gilashi.

Ka duba ƙofar hasken tana bin zoben in ka murɗa, wani lens ɗin sai ka maido masa da sifirin ɗin da ke tsohon gindin.

Gwajin ƙarshe, ka murɗa fokas zuwa ƙarshen nesa ka ɗauki wani abu can nesa. A kyamara mai babban sensa irin Canon 5D ka tabbatar gilashin baya bai leƙo har madubi ya buge shi ba kafin ka danna. In nesa bata fito ba ka ƙara guga kaɗan, in ta wuce ka yanko siririn gwangwani ka sa a ƙarƙashin gindin.