Kurakuran NULL a Lookup da na gaji da gyarawa

Duk sabon yaron da aka kawo mini a aikin haɗa bayanai, ramin da yake faɗawa ɗaya ne, kuma ni ma na taɓa faɗawa ciki.

A SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, NULL, wato gurbin da ba a sa masa komai ba, bai yi daidai da wani NULL ba. Ka kwatanta su, amsar ba e ba ce, ba a'a ba. Amma Lookup na SSIS (manhajar haɗa bayanai ta SQL Server), wato matakin da ke nemo wa kowane layi abokinsa a wani tebur, idan ya ɗebo teburin gaba ɗaya ya ajiye a ƙwaƙwalwa, cikakkiyar ajiya ke nan, shi da kansa yake kwatancen, kuma yana ɗaukar NULL biyu a matsayin abu guda. Da zarar ka mayar da shi rabin ajiya, wato ya riƙa ajiye wasu layuka kawai, ko ka cire ajiyar, tambayar ta koma hannun SQL Server, NULL ya daina samun ɗan'uwansa.

Wata rana ƙwaƙwalwar sabarmu ta cika, sai na sauya zuwa rabin ajiya, na tafi gida ina jin na yi gwaninta. Ashe duk abokin cinikin da ba shi da lambar waya, kullum dare sai a ɗauke shi sabo a ƙara shigar da shi. Sai da mai lissafin kuɗi ta kira ni: "Malam, yaya mutum ɗaya ya zama goma sha tara?" Ƙarshen makon nan kaf a ofis na yi shi ina share layuka.

Tun daga ranar ba na barin NULL ya kusanci Lookup. Ina raba layukan da ke da NULL tun da wuri da Conditional Split, matakin da ke ware layuka bisa sharaɗi, in ba su lambar -1, wato layin "ba a sani ba" da nake ajiyewa a kowane tebur.

Masu maye NULL da rubutu fanko kuma, wa ya koya muku? A rumbun bayanai na Oracle su biyun abu ɗaya ne, a SQL Server daban suke. Kuma in za ka maye, ka yi a ɓangarorin biyu, wato bayanan da ke shigowa da teburin da ake dubawa. Gefe ɗaya aikin banza ne.

A cikakkiyar ajiya "KANO" da "Kano" ba sa haɗuwa, sai ka mai da haruffan iri ɗaya. Gargaɗin maimaitattun makullai, wato bayanan da ake haɗa layuka da su, ma ka karanta shi, don na farkon da Lookup ya tarar kawai yake ɗauka. Layukan da ba su sami abokin haɗi ba, zuba su a wani tebur, ka ƙirga su kowace safiya kafin ka sha shayi.