Darasi na 9: Wankin kai da miƙar da gashi da kum ɗin wuta

Toh 'yan uwa mata, darasin yau na kai ne, kuma gashin da muke magana shi ne namu na asali wanda Allah Ya halicce mu da shi, mai cika mai tauri mai murɗewa, wanda ba a taɓa sa masa rilaksa ba. Na daɗe ina kitso da gyaran gashi, kuma yawancin matan da ke zuwa min da kukan gashinsu na karyewa sai su ce ai wuta ce ta cinye shi. Wani lokacin gaskiya ne, amma sau da yawa tun a wurin tsifa da wanki aka gama da gashin, wutar dai ta zo ta ƙarasa ne kawai.

Mu fara da tsifa. Kitso ya yi sati uku ko huɗu a kai, kin tsefe, sai ki ga gashi dam a hannunki, hankalinki ya tashi. Kwantar da hankalinki yaya, kullum dama gashi yana zuba kaɗan kaɗan, kitson ne ya riƙe shi bai faɗi ba sai yau. Abin tsoron shi ne ki shiga ruwa da wannan mataccen gashin ba ki fitar da shi ba, zai cukurkuɗe da mai rai ya yi ƙulli, ƙarshe sai almakashi. Don haka kafin ruwa ya taɓa kan, ki shafa ɗan man kwakwa ko man kaɗanya, ki raba gashin gida 4 ko 6, ki warware da yatsu tukun, sannan ki kawo kum mai manyan haƙora ki fara tajewa daga bakin gashi kina hawa zuwa tushe. Ba daga tushe ake fizgowa ba. Ko wane kaso kika gama ki yi masa kalaba sako-sako.

A haka za ki wanke shi, da kalabarsa. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafin da za a fige kaza ba. Shamfu a fatar kai ake sa shi domin can datti da zufa da amosani suke, ki murza da tafin yatsu, banda farce dan Allah, kumfar da ta gangaro ta ishi sauran gashin. Sau 2 ya isa. Sabulun wanki da kanwa ki bar su wa tufafi da tuwo, suna busar da gashi ya koma kamar soson wanka. In babu kuɗin shamfu sabulun salo yana yi, amma ki narka shi a ruwa tukuna kar ki goga dunƙulen a kai.

Sai kwandishina, nan ne mata da yawa ke yin rowa, alhali shi ne ke sa gashi laushi da santsi. Ki shafa sosai musamman bakin gashi, don shi ne ya fi tsufa, gashi a wata guda wajen santimita 1 kawai yake ƙaruwa, kin ga wanda ke can ƙarshe ya shekara da shekaru yana shan rana da kum. Ki sa leda ko hular wanka minti 15 zuwa 20 sannan ki ɗauraye. Iyayenmu da karkashi suke wannan aikin, a jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi a tace, a zuba a kai, kum ya riƙa wucewa sumul. Ni har gobe ina amfani da shi, sai dai ki tace da kyau in ba haka ba ki wuni kina tsintar ganye a ka.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Ba a sa wa jiƙaƙƙen gashi wuta. Ko ɗan danshi ne ya rage, ruwan da ke cikin silin gashin zai tafasa ya fasa shi daga ciki, wannan ƙarar "cuuu" da kike ji ba alamar aiki na kyau ba ce, gashinki ne ke dahuwa. Ki matse ruwan da tawul ko tsohuwar riga mai laushi ba tare da gurzawa ba, ki bar kalabar ta sha iska har ta bushe, ko ki busar da handiraya in akwai wuta. Wata amarya ta taɓa zuwa min ana saura awa biyu kamu, kai jiƙe, ƙawaye na ta azalzala wai a yi sauri, na biye musu, wallahi har yau ina jin kunyar abin, gefen kanta na dama ya yi ja ya karye, ta fi wata shida tana rufe wurin da ɗankwali.

Shi kum ɗin ƙarfe da ake ɗorawa a wuta ba yau aka fara shi ba, a Amurka baƙaƙen mata sun fi shekara 100 suna amfani da shi, kuma wata 'yar kasuwa Madam C.J. Walker wadda ta rasu a 1919 tana cikin waɗanda suka yaɗa shi tare da man gashin da take sayarwa. Aikinsa na ɗan lokaci ne, zafi ke miƙar da murɗin gashin, ruwa na taɓa shi ya koma yadda yake. Rilaksa kuwa sinadari ne, inda ya taɓa ba ya komawa, shi ya sa ba a haɗa su, gashin da ya sha rilaksa ba ya ɗaukar kum ɗin wuta.

In a risho ko gas kike ɗora shi, da kin ɗauko ki goga shi a farar takarda ko tishu. Ta yi ruwan ƙasa? Toh haka zai yi wa gashinki, jira ya huce. In na lantarki ne mai lamba ki tsaya wajen digiri 150 zuwa 180 a ma'aunin Celsius, kar ki kai shi 230 don kin ga akwai. Mai kuma ɗan kaɗan a tafin hannu, in ya yi yawa suya za ki yi, ga hayaƙi ga ƙauri. Ki fara daga ƙeya, ki ɗebi gashi siriri kamar faɗin yatsa, ki taje da kum na roba, sannan ki bi da na ƙarfen, bayansa ne ke yin gugar ba haƙoran ba. Sau ɗaya, in ya yi gardama sau biyu, shikenan ki wuce. Gashin gaban goshi da na gefen kunne ki bar su ƙarshe lokacin da kum ya rage zafi, sun fi ko ina rauni, kuma ki sa mai kan ta danne kunnenta da hannu. Kan da ke da ƙuraje ko makero ko ciwo ba a sa masa wuta, asibiti ya kamata ya gani. Yara ƙanana ma ni ba na yi musu.

Sai lissafin lokaci, tunda mu masu alwala ne da wankan tsarki. Ki yi gyaran bayan kin yi wanka ba ana gobe za ki yi ba, shafar kai a alwala kuma gaban goshi zai ɗan murɗe, ki haƙura da shi haka, kar ki ce kullum sai kin sake bi da wuta. Sau ɗaya a wata ya wadatar. Da damina ma kusan asarar gawayi ce, danshin iska kaɗai ya isa ya mayar da shi, da hunturu kuma yana daɗewa amma sai kin ƙara mai. Da dare ki ɗaura ɗankwali mai santsi irin na siliki, na auduga shanye man yake.

Aikin gida: ki rubuta waɗannan kalmomin sau 3 a littafinki, tsifa, kalaba, karkashi, danshi, ƙeya. Sannan ki rubuta layi biyu kan abin da kike wanke kanki da shi yanzu, ki zo da kum ɗinki aji mai zuwa mu duba haƙoransa.