Yadda ake rubuta babin bitar ayyukan da suka gabata a kundin dakta na aikin jinya

Digirin dakta na aikin jinya, wanda ake taƙaitawa DNP, a Amurka aka tsara shi, kuma tun 2004 ƙungiyar makarantun jinya ta ƙasar, AACN, ta tsaya a kansa. Ba a neman mai yin sa ya gano sabon ilimi kamar mai PhD. Ana so ya ɗauko abin da bincike ya riga ya tabbatar, ya kai shi ɗakin marasa lafiya, ya auna ko wani abu ya canza. Don haka babi na biyu, wato babin bitar ayyukan da suka gabata, aikinsa ɗaya ne: ya nuna wa kwamiti cewa canjin da za ka kawo a wurin aikinka yana da hujja, ya kuma faɗi ƙarfin hujjar ba ƙari ba ragi. Mai karatu daga nesa yana aiki a asibitin Maradi, da mai rubuta kundin masta a Yamai ko Damagaram, duk hanyar ɗaya ce.

Babin da malamai suka fi mayarwa shi ne mai shafi ashirin na "wane ya ce, wane kuma ya ce". Ɗalibi ya yi karatu, ba shakka, amma damin gero ya kawo ba a sussuke ba.

Tambaya tukuna

Kada ka buɗe intanet sai tambayarka ta zauna a jimla ɗaya mai gaɓa biyar, tsarin da ake kira PICOT: su wa, me za a yi musu, da me za a kwatanta, wane sakamako ake nema, cikin wane lokaci. "Tamowa a jihar Maradi" ba tambaya ba ce, fage ne. Ga tambaya: a yara ƴan wata 6 zuwa 59 na yankin cibiyar lafiya (CSI) ɗaya, shin koya wa uwaye awon dantse a gida, idan aka kwatanta da barin awon a hannun rele kaɗai, wato ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, yana sa a kawo yaro kafin dantsensa ya sauka ƙasa sosai da milimita 115, cikin wata shida? Sakamakon ya zama abin da rajistar CRENAS, sashen jinyar tamowa mai tsanani ba tare da kwanciya ba, ke rubutawa tun asali. Wanda ya zaɓi abin da ba a rubutawa, ya ɗora wa kansa bincike na biyu.

Bincike a rumbunan bayanai

Rumbu uku ne mafi ƙaranci. PubMed kyauta ne. Cochrane Library nan ake samun bitar da ta tattara gwaje-gwaje. CINAHL shi ne na jinya, amma na kuɗi ne, sai ta makarantarka. Ka ƙara African Index Medicus da AJOL saboda mujallun Afirka, da LiSSa saboda maƙalun Faransanci. Wanda ya bar Faransanci a binciken da ya shafi Nijar, Mali da Burkina, ya bar maƙwabtansa na kusa. Google Scholar na cike giɓi ne, ba a gina babi a kansa, don ba wanda zai maimaita bincikenka ya samu adadin da ka samu.

Kowace gaɓa ta tambayar a neme ta ita kaɗai. Layi na farko kalmomin cutar, a haɗa su da OR: severe acute malnutrition OR wasting. Layi na biyu awon: MUAC OR mid-upper arm circumference. Layi na uku masu awon: mothers OR caregivers OR family. Sannan a shafin Advanced a haɗa layukan uku da AND. Kada a saka gaɓar kwatanci da ta lokaci, suna kashe sakamako. In kalmar Faransanci ka sani, shafin HeTOP zai ba ka takwararta a MeSH, jerin kalmomin da PubMed ke rarraba maƙalu da su.

Sunan ƙasarmu tarko ne a PubMed. Ka rubuta Niger haka kawai, za a zubo maka dubban maƙalu kan naman gwarin Aspergillus niger, da na yankin Neja Delta, da na mujallun Najeriya da ake taƙaita sunansu da Niger. Mafita ita ce a shafin Advanced ka zaɓi filin MeSH Terms sannan ka rubuta sunan. Ni dai shawarata kada ka ƙuntata bincike ga Nijar tun farko. Fara da duniya, sauko Afirka kudu da Sahara, daga baya ka ware na gida. In sakamako ya haura dubu biyu, tambayar ta yi faɗi. In bai kai hamsin ba, AND ya yi yawa.

Duk binciken da ka yi, rubuta shi nan take a takardar Excel: rana, rumbu, kalmomin harafi da harafi, iyakar shekaru, adadin da ya fito. Bayan wata uku ba za ka tuna ba, kuma zanen PRISMA, mai nuna maƙalu nawa aka samo, nawa aka bari, nawa aka ɗauka, wanda aka sabunta a 2020, yana son waɗannan lambobi su yi daidai daga sama har ƙasa.

Kada ka biya kuɗin maƙala. Guda ɗaya takan kai dalar Amurka 30 ko fiye, alhali akwai PubMed Central, akwai Unpaywall, akwai Hinari da hukumar lafiya ta duniya, WHO, ta buɗe a 2002, wanda jami'o'i da asibitocin ƙasashe irin namu ke shiga kyauta in cibiyar ta yi rajista. Tambayi ɗakin karatu na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko na makarantarka lambar shiga. In duk ya gagara, aika wa marubucin imel, da yawa suna turowa. Sauke komai ranar da intanet ke da ƙarfi, ka ajiye a Zotero, manhajar tara madogara, da kuma kebul daban, don wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Tacewa

Rubuta sharuɗɗan ɗauka da na bari kafin ka karanta take ko ɗaya, in ba haka ba za ka riƙa ɗaukar abin da ya goyi bayanka kawai. Cire masu maimaituwa a Zotero. Zagaye na farko take da tsakure, na biyu maƙala cikakkiya, kuma a na biyun kowace da ka bari sai ka rubuta dalili. Makarantu da yawa suna cewa shekaru biyar na baya, to ka bi, amma gwajin da duk sauran suka dogara a kansa ba a barinsa don ya tsufa, sai a ɗauke shi a faɗi dalili. Maƙala 15 zuwa 25 masu kyau sun isa kundin DNP.

Jadawali, inda aikin yake

Nan ne yawanci ke faɗuwa, don suna tsallakewa daga karatu zuwa rubutu. Jadawali biyu ake yi, kuma na biyun ne ke haifar da babin.

Na farko kowace maƙala layi ɗaya: marubuci da shekara, ƙasa da irin wurin, tsarin binciken, yawan mutane, abin da aka yi daidai, abin da aka auna da yadda aka auna shi, sakamako da lambobinsa, rauni, matakin hujja. A gurbin sakamako ba a rubuta "ya yi tasiri". A rubuta lamba, daga jadawalin cikin maƙalar, ba daga tsakure ba, don tsakure yakan yi wa sakamako kwalliya. Matakin hujja kuwa a zaɓi ma'auni ɗaya a tsaya a kansa. Na Johns Hopkins yana da mataki biyar, da inganci A, B ko C, kuma shi na fi so ga mai aikin jinya saboda yana da gurbin rahoton asibiti da jagororin hukuma. Tambayoyin CASP ko na JBI su ne na duba ingancin kowace maƙala, kyauta ake sauke su, kowane irin bincike da tasa takardar. Mataki da inganci ba abu ɗaya ba ne: gwajin da aka raba mutane rukuni-rukuni ta ƙuri'a, wanda kashi ɗaya bisa uku na mutanensa suka ɓace kafin ƙarshe yana mataki na farko, amma ingancinsa C ne.

Na biyu a juya shi. Layuka su zama tambayoyi, ginshiƙai su zama maƙalu. A misalinmu: shin uwaye na auna daidai? Shin ana kawo yara da wuri? Shin kwanciya a CRENI, sashen kwantar da masu tamowa a asibiti, ta ragu? Nawa aka kashe? Wane ne ya koyar, sau nawa aka maimaita? A kowane gurbi alama ɗaya: ya ƙaru, ya ragu, ba bambanci, ba a auna ba. Da ka gama, karanta shi a kwance. Layin da ya cika da alama iri ɗaya, hujjarka ke nan. Layin da yawancinsa "ba a auna ba", giɓin da aikinka zai shiga ke nan. Layin da alamu suka saɓa, nan za ka fi daɗewa, kuma nan kwamiti zai gane ko ka fahimci abin da ka karanta.

Ga misalin saɓani daga ƙofar gidanmu. A 2013 wani gwaji a Malawi ya nuna bai wa yara masu tamowa mai tsanani, waɗanda ake jinya a gida, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana ƙara warkewa yana rage mutuwa. A 2016 mujallar nan ɗaya, New England Journal of Medicine, ta buga gwajin da aka yi a cibiyoyin lafiya huɗu na Madarunfa, yara kusan 2,400, amoksisilin na kwana bakwai da abin da ba magani a cikinsa. Warkewa ta kama kashi 65.9 a masu shan maganin da kashi 62.7 a sauran, kuma iyakokin 95% CI na kwatancin, wato tazarar da ake tsammanin ainihin sakamakon yana ciki, sun tashi daga 0.99 zuwa 1.12. Tun da 1, mai nufin rukunin biyu daidai suke, yana cikin iyakokin, ba za a ce akwai bambanci ba. Ɗalibi mai gaggawa zai rubuta "sakamako ya saɓa", ya wuce. Wani ma zai ɓoye wanda bai yi masa daɗi ba, wannan kuwa ha'inci ne. Mai jadawali zai koma ginshiƙin "su wa": yawancin yaran Malawi masu kumburi ne, kuma cutar sida ta fi yawa a can, na Madarunfa kuwa ramammu ne, ana kuma bibiyarsu kusa da kusa da asibitin kwanciya a hannu. Zai kuma ga cewa a Madarunfa ɗin ma maganin ya rage tura yara asibiti, kashi 26.4 da kashi 30.7. To sakin layin da za a rubuta shi ne: ga inda suka rabu, ga dalilan da ka iya jawo haka, ga wanda yaransa suka fi kama da nawa. Sannan a faɗa a fili cewa WHO na nan kan shawarar ba da maganin, kuma kundin ɗalibi ba ya sauya ƙa'idar jinya ta ƙasa.

Haka za ka yi wa hujjar da ta goyi bayanka ma. Binciken awon dantse da aka yi a Mirriya, jihar Damagaram, aka buga a 2016, ya nuna uwaye ba su gaza rele ba wajen gano yara, kuma kuɗin ya fi sauƙi. Kusa yake da mu, harshe ɗaya, damina ɗaya. Amma shiyya ɗaya aka kwatanta da shiyya ɗaya, don haka duk wani bambanci na hanya, kasuwa ko ma'aikata tsakaninsu zai iya shiga cikin sakamakon. Kuma ƙungiya mai mota da kuɗin horo ce ta gudanar. CSI ɗinka mai majo ɗaya, wato shugaban cibiyar, da ungozoma ɗaya zai iya? Wannan tambaya dole ta fito a babin, don ita ce ke nuna abin da za a rage ko a sauya kafin a kawo shi wurinka.

Rubutawa

In jadawali na biyu ya yi kyau, rubutu ba ya wuce mako biyu. Kowane layinsa ya zama kan magana ɗaya. Jimlar farko ta kowane sakin layi taka ce: abin da hujja ta nuna da ƙarfinta. Madogara su biyo baya a dunƙule, uku ko huɗu a jimla ɗaya in sun yarda da juna. In ka ga sakin layi uku a jere sun fara da sunan marubuci, ka koma tsohon hali, share ka sake. Rufe maƙalar kafin ka rubuta abin da ta ce, da jadawali kaɗai a gabanka, shi ne maganin satar fasaha. Fassara jimlar wani daga Faransanci zuwa Ingilishi ba ta mai da ita taka ba.

Jerin babin: yadda aka yi bincike da zanen PRISMA a shafi ɗaya ko biyu, sai kawunan magana, sai ƙarfi da raunin hujjar gaba ɗaya, sai giɓi, sai tsarin aiwatarwa da ka zaɓa, Iowa ko Johns Hopkins, ɗaya ba biyu ba. Kada ka ɓata shafi biyar kan ma'anar tamowa, kwamitin ya sani.

Manazarta a bar wa Zotero, APA bugu na 7 ga yawancin makarantun Amurka, Vancouver ga namu na likitanci, amma a bi su da ido don yakan lalata sunaye masu wasali na Faransanci. Duk madogarar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba ka, nemi lambar shaidarta ta intanet, DOI, ka buɗe maƙalar da kanka, suna ƙago waɗanda babu su. Mujallar da ba ka sani ba, duba ta a DOAJ, jerin mujallun kyauta da aka tantance. Kai wa malami mai duba aikinka jadawalin biyu tun kafin ka rubuta shafi ko ɗaya, gyara a nan ya fi araha. Wata ɗaya kafin kare kundi a sake gudanar da binciken da kalmomin nan na takardar Excel, a ƙara abin da ya fito sabo, a gyara lambobin PRISMA da ranar bincike na ƙarshe.