Yoyon ƙarfin janyowa zuwa wata duniyar: kurakuran da aka fi yi

Akan ji ana cewa ƙarfin janyowa yana yoyo daga sararin samaniyarmu zuwa wata duniyar. Kuskuren yakan fara ne tun daga suna. Da yawanmu muna kiran ƙarfin da ke jawo abu ƙasa "maganaɗisun ƙasa", alhali shi da maganaɗisu ba abu ɗaya ba ne, kuma bambancinsu shi ne tushen maganar. Ɗan ƙaramin maganaɗisu yana ɗaga allura, ya rinjayi janyowar duniya sukutum. Tsakanin furoton biyu (ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke tsakiyar ƙwayar zarra), ƙarfin lantarki ya ninka na janyowa sau 1 mai sifiri 36 a bayansa. Me ya raunana janyowa haka?

A 1998 masana kimiyya Arkani-Hamed da Dimopoulos da Dvali suka kawo amsa: wataƙila sararin samaniyarmu tantani ne da ke cikin wani fili mafi girma, mai fuskoki fiye da ukun da muka sani (gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa). A ka'idar zare, wadda ke ɗaukar ƙwayoyin komai a matsayin ƙananan zarurruka, haske da ƙwayoyin jikinmu zarurruka ne da bakinsu ke ɗaure a jikin tantanin. Na janyowa kuwa zobe ne, ba shi da bakin ɗauri, don haka yana iya fita.

Nan ne kalmar yoyo take ɓatar da mutane. Sai su ɗauka kamar guga ce mai huji, kullum ƙarfin yana raguwa. Ba ƙarewa yake yi ba, bazuwa yake yi, abin da ya iso mana kaso ne kawai. Haka kuma tantanin da ke maƙwabtaka da namu, wato waccan duniyar, idan akwai shi, ba can bayan taurari yake ba. Yana iya kasancewa ƙasa da milimita daga gare ka, ta fuskar da yatsa ba ya iya nunawa.

Akan kuma cakuɗa tsare-tsaren. A na 1998, alamar yoyon tana bayyana ne a 'yar ƙanƙanuwar tazara. Lisa Randall da Raman Sundrum a 1999 sun jingina raunin ga lanƙwasar filin. A na Dvali da Gabadadze da Porrati na 2000, sai a nisa mai tsananin girma ake zurarewa. Duk wanda zai yi bayani, ya fara faɗin wanne yake nufi.

Wanda ya fi damuna shi ne ba da labarin kamar an tabbatar. Hasashe ne, kuma an gwada shi. A Jami'ar Washington an auna janyowa a tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 10 na milimita ba, dokar Newton ta janyowa ba ta goce ba. Na'urar LHC mai kara ƙwayoyi da juna, ta cibiyar bincike ta CERN, ba ta ga alamar yoyon ba. A ranar 17 ga Agusta 2017, na'urorin LIGO da Virgo suka kama girgizar janyowa ta karon wasu matattun taurari biyu daga nisan da haske ke yin shekara kusan miliyan 130 kafin ya ratsa. Da janyowa tana zurarewa a hanya, da girgizar ta iso da rauni fiye da yadda nisan ya nuna. Ta iso daidai da lissafin fuskoki uku da lokaci.